Daƙiƙa Huɗu

Ajinmu na saman bene ne, a Makassar,
kwamfuta goma sha huɗu, biyu sun mutu,
fanka na juyi kamar an yi mata dole,
teku na leƙen aikinmu ta taga.

Pak Mappaita ya ce, "Minti uku nake so.
Ku ɗauko mai sana'a, ku nuna min hannunsa."
Ni kuwa na zo da minti arba'in da biyu
na uwata, Daeng Sunggu, a gaɓar Losari,
tana gasa ayaba, tana danne ta da katako,
tana kwarara mata narkakkiyar mazarƙwaila.

Ya dubi tsawon zaren a kan allo, ya ja tsaki.
"Tenri, mai tace bidiyo mahauci ne.
In tausayi ya riƙe wuƙarki, nama zai ruɓe."

Sai na kama yanka.
Na yanke babur ɗin da ya gifta da hayaƙi,
na yanke yaron da ya cusa hanci a kyamara,
na yanke tarinta, na yanke gardamar canji,
na yanke inda hannuna ya gaji ya ɗauki sama.
Baso na kusa da ni tuni ya gama,
ya sa wa kawunsa direba kiɗa mai gudu,
haruffa na zubowa kamar ƙanƙara.
Ni ina nan, linzami na gumi a tafina.

A minti na ashirin da bakwai na tsaya cak.
An koya mana daƙiƙa ɗaya
hoto ashirin da biyar ce, jere kamar haƙora.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya.
Ga garwashi ya fallatso.
Ga shi ya sauka a babban yatsanta.
Ga ido ya runtse, ga haƙori ya kama leɓe,
ga yatsan ya shiga baki ya fito,
ga murmushi ya dawo kafin mai saye ya ɗago kai.
Daƙiƙa huɗu. Hoto ɗari.
Shekara goma sha tara ina cin ayabar nan,
ban taɓa ganin wannan ba.

"Yana rawa," in ji malam ta bayan kafaɗata.
"Hasken ma ya yi yawa. Cire shi."
Na cire. Fim ya tafi sumul kamar tallan sabulu.
Na kalla sau biyu, ban gane matar ba.
Da ya juya wajen Baso, na danna maɓallai biyu,
abin da na yanke ya koma mazauninsa, ko tabo babu.
Da ma fatar mutum na da irin maɓallan nan.

Washegari darasin zane, aka ce a tsara fosta.
Na tsoma ɗan tsinken ɗaukar launi a mazarƙwailar,
kwamfuta ta jero lambobi, wai sunan launin ke nan.
Ni na san sunansa tun ina goye:
shinkafa, haya, kuɗin makaranta.
Na gwada haruffa masu ƙafa, na gwada masu wutsiya,
na bar fili a gefe,
don an ce ido ma yana son wurin shan iska.

Maki bakwai cikin goma.
A ƙasa, da jan biro: "Taurin kai. Amma bar shi."

Da dare, a bakin ruwa, na miƙa mata waya.
Ta goge hannu da zani, ta kalla har ƙarshe.
Ta ce, "Duk inda na yi kyau kin zubar,
sai inda na ƙone kika ajiye wa duniya?"
Na rasa ta cewa.
Ta ɗaga fostar wajen fitila, ta karkata kai.
"Wannan filin da kika bari, wa zai zauna a ciki?
Ƙara wa farashin girma, 'yar nan,
ba duk masu sayena ke da tabarau ba."

Sannan ta zaɓi ayabar da ta fi nuna,
ta danne ta da yatsan nan mai ɗan farin tabo,
ta miƙo min da zafinta,
ta gyara zama a kan benci,
ta ce in sake kunnawa.